Shaidata a kan aikin rainon yara gida-gida

Aikina shiga gidajen mutane. Ina yin sallama, a shimfiɗa mini tabarma, in zauna da uwa da ɗanta ƙarami mu yi wasa na kamar awa ɗaya, sannan in wuce gida na gaba. Duk wanda na yi wa wannan bayani sai ya ce, "To, aikin fa?" Aikin ke nan. Na daɗe ina son in rubuta yadda na shigo shi da abin da idona ya gani, domin an fara yi mini shi ne a kan ɗana kafin ni ma in shiga yi wa wasu. Kuma akwai maganar da ke ci mini rai game da matan da ke ɗauke da wannan aiki, wadda ba kasafai nake jin an taɓo ta ba a tarukan da ake kiranmu.

Ɗana na biyu ne sanadi. Ya haura shekara ɗaya da rabi bai furta komai ba, tafiyarsa ta yi nauyi, ga shi ɗan mitsitsi. Ranar da na kai shi awo, ma'aikaciyar lafiya ta kwantar da shi a kan allon gwada tsawo, ta dubi katinsa, ta ce ya tsumbure, tsawonsa bai kai na sa'o'insa ba. Na dawo gida jiki a sanyaye. Ni dai a sanina babu abin da na rage shi da shi. Ina goya shi, ina yi masa wanka, ina ba shi abin da Allah ya hore, idan ya yi kuka in lallashe shi. Hira ce kawai ba ta shiga tsakaninmu ba, kuma ban taɓa ganin wata a cikin maƙwabtana ta zauna tana hira da jariri ba. Kowa ya ɗauka sai yaro ya fara magana sannan ake yi masa magana.

A daidai lokacin ne wata ƙungiya ta horar da wasu mata daga cikinmu su riƙa ziyartar gidajen da ke da yara 'yan ƙasa da shekara uku. Wadda aka haɗa ni da ita maƙwabciya ce, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Karatunta bai wuce firamare ba. Ta zo da jakar tsumma ta zazzage a tabarma: robar ruwa da aka zuba wa tsakuwa aka liƙe murfinta gam, manyan murafai masu launi waɗanda ba za su shige maƙogwaron yaro ba, 'yar tsana ta ƙyalle, da ɗan littafin kwali da aka manna wa hotuna. Na dubi kayan raina ya sosu. Ni magani nake tsammani, ko wani abin da za a dama a ba shi.

Ta ajiye kwano a gaban yaron, ta jefa murfi ɗaya, ta ce, "Ciki." Ta ciro shi, ta ce, "Waje." Ta sake, ta kuma sakewa. Sannan ta miƙa masa murfin, ta naɗe hannu ta yi shiru. Shirun ya dame ni, har na kai hannu zan kama nasa in jefa masa, sai ta riƙe ni.

"Bar shi, ƙanwata. Ba shi lokaci."

Ya jujjuya murfin, ya kai baki, ya cire, ya dubi kwanon. Can sai ya sake shi, murfin ya faɗa ya yi ƙara. Ya ɗago da sauri ya dubi fuskarta. Ta tafa hannu, ta ce, "Ka saka ciki! Yaron kirki!" Sai ta turo mini kwanon. "Yanzu ke. Ni sau ɗaya a mako nake zuwa, ke kuwa kina tare da shi dare da rana. Abin da na yi ki yi masa kullum, ko kina wanki ko kina shara."

Uwar mijina tana gefe tana kallonmu. Ta ce, "Ikon Allah. Yaron da bai san damansa da hagunsa ba, shi za a tasa a gaba ana yi wa surutu? Ku ba shi abinci ya ci ya yi ƙwari, magana za ta zo da kanta." Yaya ba ta yi musu da ita ba. Ta matsa kusa ta durƙusa ta ce, "Gaskiyarki, Inna, abinci na gaba da komai. Amma waƙar da kike yi wa babansa yana goye, kin tuna ta? Yi masa mu ji." Inna ta yi dariya ta ce ai ta manta, sai kuma ta fara rerawa. Daga ranar ita ke tuna mini cewa yau ban yi wa yaro wasansa ba. Da na shiga aikin da kaina, wannan dabarar na fi amfani da ita, domin gidan da kaka ba ta yarda ba, ko uwa ta yarda abin ba ya ɗorewa.

Abin da Yaya ta koya mini ba shi da yawa, yinsa kullum ne wahalar. Ki dubi abin da yaro ke kallo ki faɗa masa sunansa. Idan ya yi wani sauti ki amsa masa kamar ya yi magana, sannan ki jira ya mayar miki. Idan ya yi ƙoƙari ki yaba masa ko da bai yi daidai ba. Ina yi masa wanka ina cewa, "Wannan hannunka ne, wannan ƙafarka ce, ruwan da ɗumi ko?" Da farko ina rage murya idan wani ya shigo. Bayan 'yan watanni kalmomi suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda ya fara neman idona idan ya yi wani abu, yana son in gani. Ba zan ce wasa ya ƙara masa tsawo ba, ya daɗe yana ƙasa da sa'o'insa. Amma yaron da ke zaune shiru a inda aka ajiye shi ya zama mai tambaya har sai an gaji.

Da aka nemi ƙarin mata, Yaya ta ba da sunana. A wurin horo ne na ji asalin jakar tsumman nan. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, tsakanin 1986 da 1987, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗebi yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24, daga unguwannin talakawa. Aka raba su gida huɗu: wasu ana ba su madara duk mako, wasu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa na zuwa gidansu duk mako ta koya wa uwa wasa da ɗanta da kayan da aka haɗa a gida, wasu aka haɗa musu duka biyun, wasu kuma kulawar asibiti kawai suke samu. Shekara biyu aka yi ana haka, aka tsaya. Bayan shekara ashirin aka bi sawun yaran, sun zama samari da 'yan mata, aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin da ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ba da kimanin kashi 25 cikin 100. An buga wannan sakamako a 2014. Amfanin madarar kuwa ya bayyana da farko, daga baya ya dushe. Ina zaune a benci ina jin wannan, tsigar jikina ta tashi, domin matan da suka yi aikin can irinmu ne, ba likitoci ba ne, kuma kayansu robobi ne da tsummoki. Daga wannan bincike aka fitar da tsarin da ake kira Reach Up, wanda aka ɗauka aka gwada a ƙasashe irin su Bangaladash da Indiya da Birazil.

Kada wani ya ɗauki wannan ya ce to abinci ba kome ba ne. Yaron da ke jin yunwa ba ya wasa, na gani da idona sau ba adadi. Za ki kaɗa masa robar tsakuwa ya bi ta da ido kawai, ko hannu ba zai ɗaga ba. Irin wannan yaro, asibiti nake fara tura uwarsa kafin a yi maganar murafai. Shi ya sa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka ƙaddamar a 2018 ya haɗa lafiya da abinci mai gina jiki da kariya daga cutarwa da kulawar da ke amsa buƙatar yaro da damar koyo tun yana ƙarami, bai ware ɗaya ya bar sauran ba. Malamarmu ta kuma gaya mana cewa mujallar Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa yara miliyan 250 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, wato kashi 43 cikin 100, suna cikin haɗarin kasa kaiwa inda ya kamata su kai saboda talauci da tsumburewa. Ni ban iya hango miliyoyi ba. Na dai san ɗana ɗaya ne daga cikinsu.

Gidajen da na shiga sun koya mini abin da horo bai koya mini ba. Akwai wata yarinya mai haihuwar fari da ba zan manta ba. Duk ranar da na je sai in tarar da ita zaune ta jingina da bango, jaririyar na kuka a gefenta, ita kuma kamar ba ta ji. Maƙwabta suna cewa raguwa ce, ba ta son 'yarta. Na fito da kayan wasa ta dube su ta kawar da kai. Sai na mayar da su jaka, na ɗauki jaririyar na rarrashe ta, na ce, "Ƙanwata, ke fa, yaya jikinki? Kina samun barci?" Ta yi shiru, sai hawaye. Ba ta barci, ba ta jin daɗin abinci, tana ganin ba ta da amfani ga kowa. Ciwon damuwa ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kuma ba a cika gane shi ba. Makonni muka yi ban buɗe jakar ba, hira kawai muke yi, na kuma lallaɓi mijinta ya kai ta asibiti. Sai da ta dawo hayyacinta sannan ta iya duban fuskar 'yarta ta yi mata murmushi. A takardar da nake cikewa babu gurbin rubuta wannan, gurbin da ke akwai na wasan da aka koyar ne a ranar. Amma duk wadda ta yi aikin nan ta san rabin sa kula da uwa ne.

Maza ma suna shigowa idan an san yadda za a ɓullo musu. Wani magidanci da ke ficewa da zarar ya ji sallamata, na roƙe shi ya taimaka ya huda mini murafai don in zura igiya. Mako na gaba na tarar ya ƙera wa ɗansa mota da kwali da waya, yana durƙushe yana tura masa.

Da yaran farko suka haura shekara uku, iyaye da kansu suka ce to yanzu fa? Aka zauna aka kafa kwamiti, wani dattijo ya ba da ɗaki da fili mai inuwa, maza suka gyara rufi suka haƙa masai, mata suka raba kwanakin girki a tsakaninsu, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa. Muka buɗe wurin raino na 'yan shekara uku zuwa biyar, daga safe zuwa azahar. Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda ya taɓa 'yan mata manya. Yarinya 'yar shekara tara da ake hana ta makaranta don ta riƙe ƙaninta, yanzu sai ta ajiye shi wurinmu ta wuce aji. Uwaye suka samu sararin neman na kansu. Daga baya na ji an ga irin haka a lardin Gaza na ƙasar Mozambik, inda ƙungiyar Save the Children ta taimaka wa ƙauyuka suka buɗe irin waɗannan wurare daga 2008. Binciken Bankin Duniya ya nuna shigar yaran firamare ta ƙaru da kashi 24 cikin 100, yayyensu ma sun fi zuwa makaranta, masu rainonsu kuma sun fi samun damar yin aiki.

Rigimar da muka fi sha da iyaye ita ce ta karatu. Uba zai zo ya ce ɗansa ya yi wata uku bai iya rubuta baƙi ko ɗaya ba, kullum sai waƙa da wasan ƙasa da tatsuniya. Wani ma ya kawo mini bulala da kansa, ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ce, "Haka ne, Baba, amma ɗanyen ma idan aka matsa masa tsagewa yake yi." Na kira ɗan nasa na zube tsakuwoyi na ce ya ware manya da ƙanana, ya ware. Na ce ya ba ni huɗu, ya ƙirga ya ba ni. Na ce ya ba babansa labarin da muka yi jiya, ya kawo shi daga farko har ƙarshe da harshen da ake yi a gidansu. Dattijon ya naɗe bulalarsa ya tafi da ita. Yaron da ya iya sauraro, ya iya jiran layinsa, ya iya riƙe gawayi ya ja layi, ya iya faɗin abin da ke ransa, shi ne ke zama a aji ɗaya ba ya gudu. Wanda aka cusa wa haddar baƙaƙe cikin harshen da bai sani ba, da tsoron duka, zai rera su tsaf amma bai san me yake faɗi ba. Ina ƙara samun ƙarfin gwiwa idan na tuna shirin makarantun share fage da Gidauniyar Aga Khan ta fara da al'ummar Musulmi a Mombasa ta ƙasar Kenya a 1986, wanda ya bazu zuwa Zanzibar da Yuganda. Can ma jama'ar unguwa ne ke da makarantun, su ke zaɓen matan da za a horar, kuma an haɗa tarbiyyar addini da koyo ta hanyar wasa ba tare da ɗaya ya ture ɗaya ba.

Sai wa'adin ƙungiyar ya cika. An gaya mana tun farko cewa shirin na 'yan shekaru ne, amma jin magana daban, ganinta daban. Ɗan alawus ɗin da ake ba mu ya tsaya. Jami'ar da ke zuwa duba aikinmu ta daina zuwa, kuma wannan ya fi rashin kuɗin yi mini ciwo. Ita ce ke zama a gefe ta kalli ziyara daga farko har ƙarshe, idan mun fito ta ce, "Kin yi kyau da kika bar uwar ta gwada da kanta, amma kin yi saurin wucewa wasa na biyu." Ba tare da irin wannan ido ba, aiki yana lalacewa a hankali ba a sani ba. Ziyarar awa ɗaya ta koma ta gaisuwa, a ajiye abin wasa a wuce. Matan da muka fara tare suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya. Ba na ganin laifin ko ɗaya. Yaya da kanta ta bari, mijinta ya kwanta ciwo, dole ta nemi abin da zai kawo kuɗi gida. Ranar da ta kawo mini jakarta ta ce in ba wata, mun daɗe ba wanda ya iya cewa komai. Matar da ta buɗe bakin yara da dama ta tafi ba takardar shaida, ba sallama, ba ko sisi.

Ga maganar da nake son a ji. Duk taron da na je, ana yabon irin wannan shiri da cewa yana da araha: kayan wasa daga shara, ɗaki daga jama'a, ma'aikata 'yan sa-kai. Kayan wasan da araha, gaskiya ne. Amma arahar da ake gani a takarda, wata mace ce ke biyan cikon da lokacinta da ƙafarta da sana'ar da ta ajiye, kuma kusan kullum macen talaka ce. Wannan ba matsalarmu kaɗai ba ce. Indiya ta fara shirinta na kula da yara a 1975, yau tana da cibiyoyin rainon yara da ake kira anganwadi fiye da miliyan ɗaya, amma matan da ke riƙe da su an daɗe ana lissafa su a matsayin 'yan sa-kai masu karɓar alawus, suna ta yajin aiki, sai a 2022 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa sun cancanci kuɗin sallama. A Kolombiya, matan da ke rainon yaran unguwa a cikin gidajensu tun shekarun 1980 sun yi shekaru suna karɓar abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba, sai daga 2014 aka mayar da su ma'aikata masu albashi. A Malawi dubban cibiyoyin rainon yara na ƙauyuka a wuyan 'yan sa-kai suke. Idan ƙasa ta yarda cewa shekarun farko ne ake aza harsashin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, ban ga dalilin da malamin firamare zai karɓi albashi, mai rainon ɗan shekara biyu kuma a ce mata Allah Ya ba da lada ba. Ladan muna so, amma 'ya'yanmu ma suna cin abinci.

Kuma aikin ba ya yafe sakaci. A Kolombiya an gwada ziyarar gida irin ta Jamaika a garuruwa da yawa, aka ga ci gaba a ƙarshen shirin, amma da aka koma bayan shekara biyu ba a tarar da bambancin ba. Ni wannan bai ba ni mamaki ba. Na ga yaron da ya yi nisa a hannunmu, aka daina zuwa gidansu, uwar ta sake haihuwa, wahala ta yi mata yawa, ya koma shirunsa. Abin yana son mai ziyara da aka horar da kyau, mai gidaje daidai ƙarfinta, da wadda za ta duba ta, da wurin da yaro zai wuce idan ya girma. Ko ɗaya a ciki ba ya samuwa kyauta.

Wurin rainonmu yana nan bai rufe ba, alhamdu lillahi. Kwamitin iyaye ya yanke cewa kowane gida zai riƙa ba da ɗan abu duk wata, wanda ba shi da shi ya kawo itace ko ya ɗebo ruwa, kuma ba a korar yaro don uwarsa ba ta biya ba. Abin da ake tarawa ba ya isa, amma yana riƙe da mu biyu masu rainon. Ziyarar gida-gida kuwa ta ragu ƙwarai, gidajen da muka fi jin tsoron halin da yaransu ke ciki kawai muke iya zuwa. Na ɗauki 'yan mata biyu da suka gama sakandare ina koya musu, suna bina ziyara, ina zama a gefe in kalle su kamar yadda aka yi mini. Na gaya musu gaskiya tun ranar farko cewa babu albashi tukuna. Mun rubuta wa hukumar yankinmu takarda, mu da kwamitin, muna neman abu biyu: a saka masu raino cikin kasafin kuɗi ko da alawus ne tsayayye, a kuma ware ma'aikaciyar lafiya ɗaya da za ta riƙa zuwa duba aikinmu duk wata. An karɓi takardar, an ce a dawo bayan an zauna a kan kasafin baɗi. Akwai rugage biyu da ke nesa da mu waɗanda tun da Yaya ta bari babu wadda ta leƙa su, kuma sunayen yaransu na cikin jerin da muka haɗa da takardar.